Yadda za ku haska fim ɗin Lean on Me a lakol ɗinku

In kai mushe ne ko surbeyan a wani lise nan Maradi kana son yara su kalli abin da ya shafe su, nemo wannan fim na 1989. Morgan Freeman ne ya fito a matsayin Joe Clark, direktan da aka ba makarantar Eastside a garin Paterson na jihar New Jersey ta Amurka lokacin da ta lalace da ƙwaya da faɗace-faɗace.

Ka fara da neman izinin direkta, kar ya ji labari a bakin yara. Sa fim ɗin a kile, ari tele babba da lasifika, ka tanadi gurup ko batir saboda kuran ba ta da alkawali balle lokacin zafi. Bayan la'asar ya fi, bai kai awa 2 ba, kafin magariba kun gama. Da ingilishi yake, don haka ka zaunar da mushen ingilishi gaba yana tsayarwa yana fassarawa da hausa, kuma kai ka kalle shi tukun don akwai zagi a wasu wurare.

Inda aikin yake shi ne bayan kallo. Wallahi yara za su yi ta tafi wurin da Clark ya kori ɗalibai wajen 300 a rana ɗaya, ya sa sarƙa ya kulle ƙofofi don hana masu saida ƙwaya shiga, wasu malamai ma za ka ji suna cewa ai irin wannan muke so. To nan za ka tsaida su ka tambaya, waɗanda aka kora ina suka tafi? Mu nan mun sani, tasha ko kabu-kabu ko zaman fada, yarinya kuma sai aure. In gobara ta tashi ƙofa a kulle fa?

Ka kuma faɗa musu fim ya ƙare da murna an ci jarabawa, amma a gaske a 1991 gwamnatin jihar New Jersey ta karɓe makarantun Paterson gaba ɗaya.

Ka gayyato iyaye biyu uku na COGES (kwamitin kula da lakol), ƴan aji na BAC kuma kowa ya rubuta abu ɗaya da zai gyara a lakol in shi ne direkta, ba suna, a tattara a kai ofis ranar litinin.