Yadda za ka tunkari takardar jarrabawar BEPC (ta ƙarshen kwaleji) ko BAC (ta ƙarshen lise) a Nijar

1. Tun da dare ka haɗa kayanka: katin shaida, takardar kira, biro biyu da gorar ruwa. In daga unguwar Birni ko Garin Malam a Damagaram za ka taso, sammako ya kama ka, don kabu-kabu ba shi da tabbas ranar jarrabawa.

2. Da an raba takarda, kada ka yi wuf ka hau rubutu. Karanta tambayoyin duka sau biyu, ka duba makin kowacce. Tunda a kan 20 ake sakawa, mai maki 6 ta fi mai maki 2 buƙatar lokacinka. Na sha ganin yaro ya ɓata awa guda kan ƙaramar tambaya, ya bar babbar fara fat.

3. Fara da wadda ka fi ganewa, hannunka ya saki.

4. A takardar gwaji, wadda ake fara zana amsa a kai kafin a kwafe, tsarin amsa kawai za ka zana. Mai rubuta komai sau biyu, lokaci ne ke cin sa.

5. A lissafi, nuna hanyar da ka bi, ko da amsar ƙarshe ta kuɓuce maka, mai gyara yana ba da maki a kanta.

6. Minti 10 na ƙarshe, duba lambarka da kurakuran rubutu.