Darasi na 7: Tukurwa, Bishiyar Kurmin Fadama

Duk wanda ya taɓa hawa tsanin gwangwala ko ya kwanta a gadonta ya ci moriyar tukurwa, domin gwangwala ƙashin ganyenta ce. Tukurwa dangin dabino ce da giginya da kwakwar manja. Masana tsirrai suna kiran zuriyarta Raphia, kuma tana da iri kusan 20, galibinsu a Afirka suke.

Yadda za ku gane ta

Ganye shi ne babbar alama. Babu tsiron da ya kai zuriyar tukurwa tsawon ganye a duniya. Irin da ake kira Raphia regalis an auna ganyensa ya kai mita 25. Kowane ganye yana da ƙashi ɗaya mai kauri a tsakiya, ƙananan ganyaye kuma suna jere dama da hagu, da 'yan ƙayoyi a gefensu da kan jijiyarsu. Bayan ƙashin yana da tauri da santsi, cikinsa kuwa taushi gare shi kuma ba nauyi. Shi ya sa mutum ɗaya yake iya ɗaukar doguwar gwangwala a kafaɗa.

Iri biyu ya kamata ku bambance. Raphia sudanica ita ce ta bakin rafuka da fadamun ƙasashen ciyawa, daga Senegal zuwa Kamaru. Gajera ce, ƙaya ta yi mata yawa. Raphia hookeri ita ce ta kurmin kudu mai yawan ruwan sama, irin na yankin Neja Delta. Gangar jikinta tana kai mita 10, ganyenta mita 12, kuma jikin a lulluɓe yake da baƙin zare mai murɗewa.

'Ya'yan suna da tsawon santimita 5 zuwa 12, gwargwadon iri. Ɓawonsu ja-ja ne mai sheƙi, a jere bisa juna kamar na kifi. Idan kun ɓare za ku tarar da nama rawaya mai maiƙo da ɗaci, sannan ƙwallo ɗaya mai taurin gaske.

Inda take rayuwa

Tukurwa tana son ƙasar da ba ta bushewa: bakin ƙorama, kwari mai riƙe ruwa, kurmin da ambaliya take shiga. Ruwan daɗi take so, don haka a gaɓar teku sai an wuce inda ruwan gishiri yake kaiwa sannan take yin kurmi sosai.

Saiwa tana bukatar iska, laka mai cike da ruwa kuwa ba ta da iska sai kaɗan. Yawancin itatuwa saiwarsu ruɓewa take yi a irin wannan wuri. Tukurwa tana fitar da ƙananan saiwoyi da suke tsirowa sama, su leƙo daga cikin laka kewaye da gindi. Ta nan iska take shiga, ta bi ƙananan ramuka na cikin saiwa har ƙasa. Ku duƙa a gindinta da rani, lokacin da ruwa ya ja baya, za ku gan su tsaitsaye, birjik. Idan shanu suka tattake su, ko aka jibge ƙasa a kansu, an toshe wa bishiyar numfashi.

A tsakiyar kwarin kogin Kwango akwai kurmin fadama da ganye da saiwa suka daɗe suna taruwa a ƙarƙashin ruwa ba su gama ruɓewa ba. A 2017 masana suka ƙiyasta faɗinsa da murabba'in kilomita 145,500, kuma tukurwa ce ta mamaye babban ɓangarensa. Irin wannan ƙasa idan aka janye mata ruwa ta bushe, ita kanta takan kama da wuta.

Fure sau ɗaya

Wannan shi ne abin da mai kurmi ya fi bukatar sani. Kowace gangar tukurwa sau ɗaya take yin fure a rayuwarta. Tana shafe shekaru tana tara abinci a cikin jikinta, sau da yawa bakwai zuwa goma. In lokaci ya yi, sababbin ganyayen da suke fitowa a ƙoli sai su zama gajeru. Daga nan manyan zangarnu su fito su rataya, wasu tsawonsu ya wuce mita 2. Furen mace yana wajen gindin kowane ɗan reshe na zangarniyar, na namiji yana wajen ƙarshe. 'Ya'yan sukan ɗauki fiye da shekara kafin su nuna, kuma da sun zube gangar ta mutu. Wasu iri suna fitar da sababbin tsirrai a gindi da za su gaje ta. Waɗanda ba sa yi, ƙwallo kaɗai ne magajinsu.

Masu tatsar ruwan bishiyar gajerun ganyayen nan suke jira. Suna yanka ƙoli daidai lokacin da zangarniya za ta fito, saboda haka bishiyar da aka tatsa takan mutu ba ta bar iri ba. Idan aka yi wa kowace babba haka, kurmin zai ci gaba da kyan gani na wasu shekaru, amma ba ƙanana a ƙasa. Ranar da manyan suka ƙare, shi ke nan. Dole a ware wasu lafiyayyu a warwatse cikin kurmin, a yi musu alama, kada kowa ya taɓa su har su zubar da 'ya'ya.

Yankan gwangwala da zare

Gwangwala daga ganyen da ya ƙosa ake samunta, wato na ƙasa-ƙasa. Ku sare shi kusa da gindi da adda mai kaifi, sara ɗaya mai tsabta. Ku zage ƙananan ganyayen, ku shanya ƙashin a kwance bisa wuri madaidaici, a ɗage daga ƙasa. Wadda aka jingina tana ɗanya takan lanƙwashe, wadda aka yanka ba ta ƙosa ba kuma takan motse, ƙwari su huda ta da wuri. Kada ku kwashe fiye da biyu ko uku a jikin bishiya ɗaya a lokaci guda, domin da ganye take haɗa abincin da take tarawa.

Zare kuwa daga sabon ganyen tsakiya yake fitowa, wanda bai buɗe ba, yana tsaye tsirit. A cire ƙananan ganyayensa, a ɗan tsaga fatar saman kowanne da ƙaramar wuƙa, a ja ta a hankali har ƙarshe. A ɗaure ƙulli-ƙulli a shanya nan take. Wanda ya kwana da danshi yakan yi fumfuna ya yi duhu. A nan ake yawan ɓarna. Tukurwa ido ɗaya gare ta a ƙoli, daga shi duk ganye yake fitowa. In wuƙa ta nutsa ta same shi, gangar ta mutu. Raunin kuma yana jawo wani ƙwaro mai dogon baki da yake yin ƙwai a ciki, tsutsarsa ta cinye zuciyar bishiyar. Ku yanka daga sama-sama, kuma in kun ɗauki sabon ganye ɗaya ku bar na bayansa ya buɗe.

Dashe

Ku tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo da kansu. Ku tara su a inuwa mai danshi har ɓawo da nama su yi laushi, ku wanke ƙwallon tas, domin ragowar nama yana jawo ruɓa da ɓeraye. Ku binne shi kamar santimita 3 a leda mai ƙasa da yashi, a inuwa, kuna ba da ruwa kullum. Kada ƙwallon ya bushe, kada kuma ya nutse a ruwa tsaye. Yana da jinkirin tsira, watanni yake ɗauka, wani har ya kusa shekara, don haka kada ku zubar da leda don kun ga shiru.

Idan ya yi ganye uku ko huɗu, ku dasa a farkon damina, a gefen fadama inda ƙasa take da danshi amma ambaliya ba za ta rufe kansa ba. Ku bar aƙalla mita 4 zuwa 5 tsakani. Ku kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi, kuma kafin rani ya yi nisa ku share busasshiyar ciyawa da ganye a kewayensa, domin ƙaramar tukurwa ba ta jure gobarar daji.