Gyaran Gida Bayan Gobara: Abin da Ake Fara Yi, da Abin da Ake Bari Sai Ƙarshe

Da wuta ta mutu, 'yan jaje suka watse, yawancin masu gida hankalinsu kan tafi ga fenti, don ido ya huta da ganin baƙin bango. Nan ake asarar kuɗi. Fenti shi ne aikin ƙarshe, kuma wanda ya shafa shi kan kunkunniya zai ga tabon ya ɓullo cikin 'yan makonni, ƙauri kuma ya dawo da zafin watan Afrilu. Aikin yana da jeri: a tabbatar wutar ta mutu, a duba ƙarfin gini, a busar, a kakkaɓe, a wanke, a toshe, sannan a yi ado. Duk matakin da aka tsallake, sai an dawo an biya shi.

Kwana biyun farko

Kada kowa ya kwana a ɗakin, ko da rabinsa ne ya ƙone. Katifar soso, buhun auduga, tarin tufafi a cikin akwati da azarar da ke ƙarƙashin ƙasar soro suna iya cin wuta a ɓoye tsawon awanni ba tare da harshen wuta ba. A fitar da katifu da matasai tsakar gida, nesa da zana da danga, a tsarge su da ruwa har ciki. A bi bango da rufi da bayan hannu: inda ya fi sauran wuri ɗumi, akwai abin da ke ci. Idan hayaƙi ya sake tashi, a kira masu kashe gobara (a Nijar, lamba 18), kada a tsaya gwada ƙarfi da bokiti.

A kashe babban makunnin wuta na wajen kwantar (mitar wuta), a sanar da NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, idan kwantar ko wayar da ta shigo daga turke ta taɓu. Masu sola su cire batir, su tuna kuma farantin da ke kan rufi yana ba da wuta muddin akwai rana, ko da an kashe komai a ƙasa. Tukunyar gas da wuta ta lasa, ko ƙaramar nan ce mai kilo 6, a bar ta ta huce a inuwa a fili, a mai da ta wurin dillali a gaya masa gaskiyar abin da ya same ta. Ba a sake ɗora mata girki.

Kafin a ɗauke ko tsinke, a ɗauki hoton kowane ɗaki da waya, a rubuta abin da ya salwanta. A sanar da mai unguwa, a nemi takardar shaidar gobara daga hukumar da ta zo wurin. Da ita ake samun sauƙin sabunta takardar haihuwa, katin shaida da takardun fili. Ɗan haya ya kira mai gidan ya gani da idonsa tun toka ba ta tashi ba, a yi maganar wa zai ɗauki nauyin me gaban shaidu. Takardun kuɗi da suka ƙone rabi kada a yar, kada a wanke. A sa su a ambulan a kai reshen BCEAO, babban bankin da ke fitar da kuɗin sefa, na Maradi, su za su duba wanda ya cancanci canji. Alƙur'ani da littattafan addini a tsince su daban, kada su bi shara, a nemi malami ya faɗi yadda za a yi da su.

Mai shiga aiki ya sa takalmi mai kaurin ƙasa saboda ƙusa da gilashi, da safar hannu ta roba, da takunkumi mai tace ƙura irin na masu fenti. Rawani ko ƙyalle ba ya tare ƙurar kunkunniya, ta fi garin tuwo laushi nesa ba kusa ba. Yara, mai juna biyu da mai ciwon asma ba su da aiki a wurin.

Duba gini

A nan ya kamata a daɗe, don kuskuren nan shi ne mai kisa.

Ginin ƙasa, irin wanda ya yi yawa a tsofaffin unguwannin Maradi kamar Bagalam da Maradawa, ba ya tsoron wuta sosai. Ruwan da aka kashe wutar da shi ne abokin gabarsa. A duba gindin bango. Idan ɗan yatsa na shiga cikin ƙasar, ko bangon ya yi ciki, ko tsaga ta buɗe a kusurwa inda bango biyu suka haɗu, a tokare shi da itace kafin a yi komai, a janye ruwan da ya kwanta a gindinsa. A bar shi ya bushe a hankali. Fuskar da wuta ta gasa takan yi ja ta yi ɓawo mai ɓantarewa: a kankare ta har a kai ga ƙasa mai kama jiki, a yayyafa ruwa kaɗan, a yi sabon yaɓe da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta kwana biyu ko uku. A yi shi hawa biyu marasa kauri, na farko ya bushe kafin na biyu. Mutane na son lulluɓe irin wannan bango da siminti don ya yi kyau, amma siminti da ƙasa ba sa tafiya tare: danshi na taruwa a bayansa, wata rana ya ɓalle gaba ɗaya.

Soro mai azara sai an buɗe. A kwashe ƙasar da ke saman wurin da ya ƙone, a bi azara ɗaya bayan ɗaya, musamman bakin da ya shiga bango, don can wuta ke laɓewa. A kankare gawayin da wuƙa har a ga itace mai launinsa, a soka ƙusa. Idan abin da ya tafi ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin azarar, a sauya ta. Ƙasar soro da ta sha ruwa nauyinta ya ƙaru ƙwarai, kuma azarar da ta rage ƙarfi ba ta yin gargaɗi kafin ta karye. Haka ake yi wa katakon da ke ɗauke da kwano.

Ginin bulo da kankare launinsa ke ba da labari. Baƙin hayaƙi a sama kawai ba komai ba ne. Idan aka kankare aka ga simintin ya koma ruwan hoda ko ja-ja, zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Celsius, ƙarfinsa ya fara raguwa. Idan ya yi fari-fari yana marmashewa a hannu, ya wuce digiri 600, wannan ɓangaren ya mutu. A bi ginshiƙi, kan ƙofa da dakin (rufin kankare) da guduma ana ƙwanƙwasawa a hankali: lafiyayyen kankare yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya rabu a ciki yana amsawa kamar fanko. Inda kankare ya ɓare har rodi ya fito, ko dakin ya lotsa, ko tsaga ta ratsa ginshiƙi, magini kaɗai bai isa ya yanke hukunci ba, sai injiniyan gini. Bene ba a gwada shi da ran iyali.

Kwanon rufi da ya sha wuta a cire shi ko da bai huje ba. Sinadarin da ke hana shi tsatsa yana narkewa a wajen digiri 420, don haka kwanon da ya canza launi zai yi tsatsa cikin damina ɗaya ko biyu. Silin na katako ko na roba a sauke shi duka a ɗakin da ya ƙone, a leƙa na ɗakunan maƙwabta, domin hayaƙi ta tsakanin silin da kwano yake bi ya zagaye gida. Gobara ta fi yawa a hunturu, wato akwai watanni kafin ruwan Yuni; rufi shi ne farkon abin da za a kashe wa kuɗi. Idan hali bai kai ba, a ɗaure tamfol da kyau, da gangara, kada ruwa ya kwanta.

Wayoyin wuta

Duk wayar da ta bi ta ɗakin da ya ƙone a zare ta a sa sabuwa, har da wadda ke cikin bututu a bango. Robarta takan yi laushi da zafi, ta bushe, ta tsage inda ido ba ya gani. Ɗaure wurin da salatif shi ne shirya gobara ta biyu. Ma'aunin da masu aikin lantarki ke bi: waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 don fitilu, 2.5 don wuraren jona kaya, 4 ko sama don na'urar sanyaya ɗaki da abin dafa ruwa, kowanne da nasa makatsin. A sa makatsi mai tsinke wuta idan ta zurara, mai alamar 30 mA a jikinsa. Wajen sayen waya a kankare bakinta da wuƙa: idan ja ne har ciki, tagulla ce, idan fari ya bayyana, sanholo ne aka yi wa rufi, a bar ta a shagon.

Talabijin, firji da fanka kada a kunna su don gwaji. Hayaƙin roba idan ya haɗu da danshi yana zama ruwa mai cin ƙarfe, kuma kunkunniya na iya haɗa wuta a cikin na'ura. Mai gyara ya buɗe ya share tukuna. Saboda wannan cin ƙarfen ne ma ake gaggauta goge ƙofofin ƙarfe, tagogi da keken ɗinki tun kwanakin farko, a shafa musu mai kaɗan.

Kunkunniya da ƙauri

A buɗe ƙofofi da tagogi. Busasshiyar iskar hunturu tana taimakawa matuƙa. Sannan a fara a bushe. Wanda ya fara da jiƙaƙƙen tsumma ya tura baƙin cikin ramukan bango, ba zai sake fitowa ba. A kakkaɓe daga sama zuwa ƙasa da buroshi mai laushi, a ɗaga ana saukewa ba a gurzawa, a yayyafa wa ƙasa yashi mai ɗan danshi kafin shara don kada ƙura ta tashi.

Bayan nan sai wanki. Bokiti biyu ake so: ɗaya na ruwan ɗumi lita 10 da garin sabulu kamar cokali 5 manya, ɗaya na ɗauraya. A wanke bango daga ƙasa zuwa sama, taki ɗaya-ɗaya, don ruwan datti da ya gangaro kan busasshen bango yana barin zane mai wuyar fita. A riƙa sauya ruwa da zarar ya yi baƙi. Hayaƙin man girki, roba ko fetur yana da maiƙo, sai an maimaita sau biyu ko uku, kuma ɗan jiƙon kanwa a cikin ruwan yana yanke maiƙon, amma da safar hannu. Bangon ƙasa ba a wanke shi, kankarewa ake yi. Inda ruwa ya daɗe har fumfuna ta fito, a goge da ruwan jabel (bilic), kwatan lita cikin ruwa lita 5, bayan an ɗauraye sabulun. Kada a taɓa haɗa jabel da binega ko da ruwan wanke masai, iskar da ke tashi tana ƙona huhu.

Shafen siminti da ya ɓare ko yake ƙarar fanko a sassaƙe shi, a jiƙa bulon, a sake da awo ɗaya na siminti, huɗu na yashi mai tsabta, wato buhu mai kilo 50 da kimanin baro biyu. A yi masa ban ruwa safe da yamma kwana 7, don a iskar Maradi shafen da ba a shayar ba tsagewa yake. A jira kamar mako 4 kafin fenti. Mai son tabbatarwa ya manna leda a bango da salatif ya bar ta ta kwana: idan da safe akwai raɓa a cikinta, da saura.

Fentin ruwa ba ya riƙe tabon hayaƙi, narkar da shi yake ya jawo shi waje. A fara da shafin fentin mai, hawa biyu inda baƙin ya yi tsanani, ya bushe sosai, sannan a ɗora launin da ake so. Katakon rufin da aka bari shi ma a shafe shi, in ba haka ba duk ranar da kwano ya ɗau zafi ƙauri zai sauko. Ga bangon ƙasa, farar ƙasa hawa biyu ko uku ta wadatar. Turaren wuta ba ya kashe ƙauri, rufe shi yake na awa ɗaya. Abin da ke aiki shi ne fitar da duk abin da ya sha hayaƙi, iska, da kwanukan gawayi da aka daddaka aka ajiye a kusurwoyi ana sauyawa.

Kayan ɗaki

Uwargida za ta so ceto komai, musamman kayan aure, amma a rarrabe. Kwanukan tasa, tangaran, gilashi da tukwanen ƙarfe suna wankuwa da ruwan zafi da sabulu. Robobi, ludayi, ƙwarya da akushi da suka sha hayaƙi a haƙura da su. Katifar soso da matashin kai ba sa sakin ƙauri. Tufafi a kakkaɓe su a waje, a jiƙa su kwana ɗaya cikin sabulu, a ɗauraye da kofi ɗaya na binega a bokiti, a shanya. Kada a yi guga ko a kai wa masu bugu sai ƙaurin ya fita, don zafi na kama tabo.

Abinci da magani kuwa ba a yi musu rangwame. Buhun gero, shinkafa ko wake da hayaƙi ya ratsa ko ruwan kashe wuta ya jiƙa, man girki a jarka, madarar yara, da duk wani magani da ya ji zafi, a binne su, kada a ba dabbobi. Randa a zubar da ruwanta, idan ƙauri ya kama jikinta a sayi sabuwa.

Kafin iyali su dawo a gyara musabbabin. Idan kaskon wuta ne na jin ɗumi, a daina kwana da shi a ɗaki. Idan jarkokin fetur ne na sayarwa, a gina musu wuri daban nesa da madafa da ɗakin kwana. Tiyon gas a sauya shi, a gwada mahaɗarsa da kumfar sabulu, ba da ashana ba. Tagar da aka toshe da ƙarfe a mai da aƙalla ɗaya a kowane ɗakin kwana mai buɗuwa daga ciki, makullinta a rataye inda babba da yaro duk za su kai.