Ku ɗora jarka kan sikeli kafin ku biya

Jama'a, in za ku sayi man gyaɗa a jarka, ku auna nauyinta tukuna. Ido yana ruɗi, musamman in jarkar ta kumbura ko ta lotsa.

Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Man gyaɗa bai kai ruwa nauyi ba, lita kusan giram 915 ce. Ke nan lita 25 za ta kai kusan kilo 23, ban da nauyin jarkar kanta. Ku auna fankonta, ku cire. Fetur kuma bai kai man gyaɗa nauyi ba, lita wajen giram 740 ce.

Zuma kuwa lita kusan kilo 1.4 ce. In ta gaza sosai, an tsarma mata ruwa. Amma in narkakken sukari aka haɗa, sikeli ba zai tona asiri ba, don nauyinsu kusan ɗaya ne.