Yadda za a nuna wa ɗalibai yadda tururi ke komawa ruwa

Malamin da yake son ɗalibansa su ga yadda tururi ke komawa ruwa ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, domin babban kwano, ƙaramin kofi mai nauyi, farar leda, gishiri da ƙanƙara sun wadatar.

A zuba ruwan zafi a kwanon, a narkar da gishiri cokali 2 a ciki, sannan a girke kofin a tsakiya ba tare da ruwa ya shiga cikinsa ba. A rufe bakin kwanon da ledar, a ɗaure tamau, a ɗora ƙanƙara daidai saman kofin yadda ledar za ta ɗan lotsa. Ba da jimawa ba ɗigon ruwa zai taru a ƙarƙashin ledar, ya gangara yana ɗiga cikin kofin, saboda tururin da ya taɓa wuri mai sanyi yakan rasa zafinsa ya koma ruwa. Yana da kyau a bar ɗalibai su ɗanɗana, za su ji babu gishiri, domin tururi ba ya tashi da shi.

Daga nan sai malami ya bayyana cewa haka rana ke tayar da tururi daga Tekun Atlantika, iskar kudu maso yamma ta kawo shi ƙasar Hausa da damina. Idan iskar ta hau sama sai ta yi sanyi, domin zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita, tururin ya manne wa ƙwayoyin ƙura ya zama gajimare, wanda ɗigonsa ke haɗuwa har ya yi nauyi ya sauko a matsayin ruwan sama.