Yadda Na Gyara Matsalar Taya Bayan An Sa Wa Camry Babban Wili

Camry ɗin ta zo hannuna da wili mai inci 18, an ɗora masa taya 225/40R18 (wato faɗinta milimita 225, tsayin gefenta kashi 40 cikin ɗari na faɗin, wili inci 18) mai lambar nauyi 88. Kyau kam akwai shi, amma gefen tayar baya ya kumbura kamar ƙurji, mitar gudu kuma tana nuna fiye da abin da motar ke yi.

Na duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, na ga tayar asali ta motar 215/60R16 ce, lamba 95. Tsayin wannan taya milimita 664 ne, wadda ke kan motar kuwa 637 kacal, shi ya sa mitar gudu ke nuna fiye da kima. Batun nauyin ya fi tayar mini da hankali: 95 na nufin kilo 690 kan kowace taya, 88 kuma kilo 560. Mota ce da nake cika ta da iyali da buhuna.

Sai na nemi 225/45R18 mai lamba 95 da alamar XL, wato taya mai ƙarin ƙarfin ɗaukar nauyi. Tsayinta milimita 660, kusan daidai da na asali. Mai faci ya murza sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, babu inda ta goga. Iska kuma da safe nake aunawa, kafin tayar ta yi zafi.