Yadda Ake Tafiyar da Asibiti Mai Rahusa a Ƙaramin Gari

Duk mai niyyar buɗe asibiti a gari irin Funtuwa, Azare ko Gumel, ya fara da binciken abin da ya fi kai mutanen wurin gaban likita tun kafin ya sayi gado ko ɗaya. Galibi haihuwa ce, da zazzaɓin cizon sauro, da rashin lafiyar yara, da hawan jini da ciwon suga. A kan waɗannan za a gina asibitin, sauran kuma a tura su babban asibiti, domin na'ura mai tsada da ba ta aiki sai sau biyu a mako asara ce kawai.

Asibitin ido na Aravind, wanda Dakta Govindappa Venkataswamy ya kafa a Madurai ta ƙasar Indiya a 1976 da gado 11, ya nuna inda rahusa take fitowa. Likita ɗaya yana aiki tsakanin gadajen tiyata biyu: yana cire wa wannan yanar ido, ma'aikatan jinya suna shirya masa na gaba, ta yadda hannunsa ba ya zama banza. Masu hali suna biyan kuɗin ɗaki mai kyau, rarar kuma tana ɗaukar nauyin marasa galihu, alhali likitocin da ke duba su duka ɗaya ne. A ganina wannan ne abin koyi mafi muhimmanci: bambancin ya tsaya ga ɗaki da fanka, kada ya taɓa magani.

Sai a killace kuɗin magani a asusunsa daban, kamar yadda Shirin Bamako na 1987, wanda ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka amince da shi, ya tsara, wato abin da aka sayar ya koma sayen wani. Ranar da aka ɗebi kuɗin nan aka biya albashi ko aka sayi dizal, daga ranar kantar magani ta fara bushewa, majinyaci kuma da zarar an ba shi takarda ya je kemis sau biyu, na uku can zai wuce kai tsaye. Firjin jini da na rigakafi da fitilun ɗakin haihuwa a ɗora su kan wutar sola.

Riƙe ma'aikata ya fi gini wuya. Likitan da aka ɗauko daga birni ba safai yake daɗewa ba, saboda haka a ba shi gida mai ruwa da wuta, a kuma ɗauki nauyin karatun 'yan garin, musamman mata masu son aikin ungozoma, bisa yarjejeniyar su dawo su yi aiki.

A liƙa farashin kowane aiki a bango da Hausa, har da tiyatar haihuwa, don magidanci ya san ko akuya ɗaya zai kai kasuwa ko biyu. Tunda dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, a yi wa asibitin rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiha, amma a ajiye kuɗin albashin 'yan watanni a gefe saboda biyan inshora yakan yi jinkiri.